Yadda zaka saka injin mai haifar kansa a labarin yaƙin sararin samaniya

In kana rubuta ƙagaggen labarin kimiyya kuma kana so ka saka injin da yake ƙera irinsa, fara cire wani abu a ranka, wato a harba shi ana tsaka da artabu ya hayayyafa nan take ya cinye jirgin abokan gaba. Wannan injin masana'anta ce, kuma masana'anta tana son lokaci da kayan aiki da wuta. A haka zaka rubuta shi in kana so mai karatu ya yarda dakai.

Fara da lissafin lokaci. A 1980 NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, tayi nazari akan masana'anta mai nauyin tan 100 da za'a sauke a duniyar wata, aka ƙiyasta zata ɗauki kamar shekara ɗaya kafin ta ƙera ta biyu. To ɗauki wannan kayi ta ninkawa, shekara 3 guda 8 ne kacal, shekara 10 sun kai 1,024, shekara 20 sun haura miliyan. Kaga kenan duk daɗin labarin yana shekarun farkon nan, in an gano su suna 8 makami ɗaya ya ishe su, in kuwa akayi sake har suka kai miliyan to sai dai ayi ta kansu. Ni a ganina jaruminka ma ya kamata ya zama mai leƙen asiri ne da yake neman inda aka binne irin, wato injin farko.

Sai kayan aiki. Ƙarfe akwai shi a duwatsun dake yawo tsakanin duniyoyin Mas da Jufita, amma sun yi wa juna nisa sosai kuma kowace tafiya mai take ci. Babbar matsalar ma ƙananan kayan lantarki ne irin na ƙwaƙwalwar kwamfuta, ko RepRap, firintar nan mai buga kayayyaki da roba har da sassan jikinta da Adrian Bowyer ya fara a Ingila a 2005, sassan robarta take bugawa amma injinan da suke motsa ta da kayan wutarta sai an siyo. Saboda haka ka bawa injinka wani abu guda da bazai iya ƙerawa ba sai an kawo masa daga gida, shikenan abokan gaba sun samu hanyar da zasu datse.

Kar ka manta da zafi, mutane da yawa suna tsallake shi. Babu iska a can da zata ɗauke zafin, mai narka ƙarfe dole ya shimfiɗa manyan faifan fitar da zafi, su kuma na'urar hango zafi tana ganinsu daga nesa, ɓuya tayi wuya kenan. Hasken rana ma a wajen Jufita bai wuce kashi 4 cikin 100 na wanda muke samu ba.

Sannan waye yake basu umarni? Saƙo zuwa Proxima Centauri, tauraro mafi kusa da ranarmu, ya haura shekara 4 a hanya, ana iya yin sulhu su kuwa suna can suna ta ƙera makamai basu sani ba. Masanin lissafi John von Neumann da ya fara tsara wannan tunani a ƙarshen shekarun 1940 ya nuna cewa injin yana kwafar bayanin ginin kansa ya miƙa wa ɗansa, in kuskure ya shiga kwafin jikoki zasu gada. Tun kafin ka rubuta babin farko ka yanke sau nawa aka yarda su ninka, wa ke riƙe da makullin kashe su, da kuma abinda zai faru ranar da wani reshe ya daina jin makullin.