Yadda za ka sa wa bakinka linzami a majalisa

Ni tela ne, kuma duk wanda ya san shagon tela ya san hannu da ƙafa ne ke aiki, baki kuwa zaman kashe wando yake. Ga benci, ga masu jiran ɗinki, kafin ka gama kafa aljihu ɗaya an sauke mutum uku an ɗora na huɗu. Abin da zan faɗa a kan barin gulma a bakin keke na koye shi.

Mafi yawanmu kariyarmu ɗaya ce: "Ai gaskiya na faɗa." To, gaskiyar ce gibar. A hadisin Muslim, Manzon Allah (SAW) ya ce giba ita ce ka ambaci ɗan'uwanka da abin da yake ƙi. In abin yana tare da shi ka yi gibarsa, in babu ka yi masa ƙage. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta kamanta ta da cin naman ɗan'uwa matacce. Wanda ya yi karatun Ahalari a zaure ya wuce ta kan wannan tun kafin a kai babin tsarki. Ba sani muka rasa ba, sabo ne ya yi mana kanta.

Saboda haka makon farko kada ka ɗau wani alkawari, ka dai saurari bakinka. Za ka ga gulma tana da ƙofofin da ba ta canzawa: "Ka ji wane kuwa?", "Ba gulma ba...", da wadda ta fi kowacce wayo, "Allah dai ya shirya wane", a yi ajiyar zuciya, a jira wani ya ce me ya yi. Da dare kafin ka kwanta, tuna sunayen da suka bi ta bakinka yau.

Daga nan sai ka sa wa abin farashi. Abdullahi bin Wahb, malamin Masar, almajirin Imamu Malik, ya yi bakancen azumin yini ɗaya duk sanda ya yi gibar wani. Azumin ya zame masa jiki, yana giba yana azumi. Sai ya mayar da shi sadakar dirhami guda, kuma da kansa ya ce son dirhami ne ya raba shi da giba. Ni asusun ƙasa na ajiye ƙarƙashin tebur, kusa da kwandon ƙyallaye. Kai ka san aljihunka: zaɓi kuɗin da zai yi maka zafi, ka jefa nan take, ban da bashi. In naira hamsin ka yanka, sayen gulma kawai kake da araha. Ran Juma'a a fasa a bayar.

Wuyar aikin tana cikin jama'a, don mai sauraro ma yana da nasa kason. Kada ka miƙe da wa'azi, za a sa maka suna Ustazu a ci gaba bayan ka fita. Faɗi alheri guda da ka sani game da wanda ake ci: "Kai, amma fa yana riƙe da marayun yayansa." Sau da yawa zancen a nan yake mutuwa. In ya ƙi mutuwa, ɗauki buta. Ni taka keke nake da ƙarfi har mai magana ya gaji da ɗaga murya. A WhatsApp kuwa, muryar da aka turo a kan wani kada ka buɗe, balle ka tura gaba.

Wannan ba ya nufin ka ɓoye gaskiya in an zo binciken aure ko za a ba wani amanar jari. Nan faɗa wajibi ne, amma iya abin da ya shafi tambayar, ga wanda ya tambaya kaɗai.

Na baya fa? In maganar ta kai kunnen mutumin, je ka nemi yafiya. In bai ji ba, malamai da dama sun ce kada ka je ka tayar masa da hankali: ka yi nadama, ka roƙa masa gafara da sunansa, sannan ka koma majalisar da ka ɓata shi ka yabe shi a gaban mutanen da suka ji na farko.