Yadda Ake Tayar da Kwamfutar Gwaji da Vagrant

Da farko a girka VirtualBox, manhajar da ke tafiyar da na'urar gwaji (kwamfutar kwaikwayo) a cikin kwamfutarka, da Vagrant, manhajar da ke tsara wannan na'urar da sarrafa ta, sannan a buɗe tagar umarni a cikin foldar aikin. A rubuta `vagrant init ubuntu/jammy64`, wanda zai samar da Vagrantfile, fayil ɗin da ake ƙayyade tsarin na'urar a cikinsa.

Daga nan sai `vagrant up`, umarnin da ke tayar da na'urar. Karon farko yakan ɗauki lokaci, domin sai an sauko da Ubuntu 22.04, babbar manhajar da za ta tafiyar da na'urar, daga intanet, saboda haka a yi haƙuri kada a katse shi. Da zarar na'urar ta tashi, a shiga da `vagrant ssh`, za a tarar da fayilolin aikin a /vagrant.

Idan an gama, `vagrant halt` ne ke kashe ta. Shi kuwa `vagrant destroy`, mai goge na'urar gaba ɗaya, sai da hattara, domin duk abin da aka ajiye a cikin na'urar amma ba a cikin foldar /vagrant ba zai salwanta.