Idan Aka Ce Motarka Ta Yi Ɓarnar da Ba Ta Yi Ba

Yawanci da kiran waya maganar take farawa. Wani ya ce motarka ta buge masa tasa ranar kaza a wuri kaza, ga lambarka ya ɗauka, kuma ya riga ya kai ƙorafi kamfanin inshora. Ko kuma kamfanin ne da kansa zai aiko maka da takarda. Ni aikina kula da takardun motocin dakon kaya a Kano, irin wannan ƙorafi yana zuwa teburina, kuma abu na farko da nake gaya wa direbobinmu shi ne: kada ka amsa laifi, kada ka tura ko sisi.

Na san al'adarmu ce a ba da haƙuri ko ba a yi laifi ba, dattawa su shiga, a ce "ba shi wani abu ya yi gyara a wuce wurin." A nan kam wannan kirkin cutar da kai zai yi. Takardar inshorar mota tana ɗauke da sharaɗin cewa ba za ka amsa laifi ko ka yi alkawarin biya ba sai da yardar kamfani. In ka tura dubu ashirin don a zauna lafiya, gobe alat ɗin ya zama hujjar cewa kai ne. Ka yi wa mai kiran magana cikin mutunci, ka nemi ya rubuto maka rana, lokaci, wurin, lambar motarsa, hotunan ɓarnar, da ofishin 'yan sandan da ya kai rahoto. Wanda kuskure ya yi zai turo. Mai neman cuta kuwa a nan yake fara kame-kame, ko ya koma barazana.

Daga nan ka sanar da kamfanin inshorarka a rubuce, a ranar in zai yiwu. Waya ba ta isa ba. Ka rubuta cewa ka musanta zargin, kuma kada a biya kowa da sunanka sai an yi bincike, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimi ko imel ɗin da ka tura. Amma kafin nan ka tabbatar inshorar taka ta gaske ce, don takardun bogi da ake yanka a bakin ofisoshin lasisi sun yi yawa. Ka danna *565*11# ko ka shiga askniid.org ka sa lambar motarka. Tun Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora a Najeriya ta mayar da inshorar dole ta motar gida naira 15,000, tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3. Wanda aka sayar wa ta dubu uku ya duba da kyau, domin in ta bogi ce babu kamfanin da zai tsaya masa.

Inda aikin yake shi ne nuna inda motar take a lokacin da ake magana. Cewa "wallahi ban je Zariya ba ranar" gaskiya ce, amma jami'in inshora takarda yake karantawa. Ka nemo rasit ɗin gidan mai, alat ɗin POS mai nuna gari da lokaci, tikitin tasha, ko littafin maigadin ma'aikatarku. In motar tana gareji, bakanike ya rubuta ya sa hannu. In tana da na'urar bin sawu, an gama magana, ka sa a fitar maka da bayanan ranar. Kyamarar shago ko ta gidan mai kuwa ka hanzarta, yawancinsu suna goge tsohon hoto da kansu bayan ɗan lokaci. Sannan ka ɗauki motar hoto ta kowane ɓangare, kuma don Allah kada ka kai ta wurin mai fenti ko mai fanal bita a wannan tsakanin, ko da tsohon ƙwarzane ne ke damunka. Sabon fenti a bamba ya isa ya jawo maka zargi. Ka bar jami'in VIO ko mai binciken kamfani ya gan ta yadda take, ya gwada tsayin ɓarnar waccan motar da taka, ya duba ko akwai fentin wata a jikin wata.

Sau da yawa ba ma zamba ba ce. A cikin ruɗanin hatsari mutum yakan juya lamba ɗaya, sai ta faɗa kanka. Tambaya ɗaya takan warware wannan: wace irin mota ce, wane launi? Wani lokacin kuma ɓata-gari ne suka buga lamba irin taka suka manna wa wata motar. In haka ne ka kai rahoto wurin 'yan sanda da takardun mallaka, a duba lambar shasi da ta inji, ka karɓi rahoton a rubuce.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mutumin da ya sayar da mota shekarun baya bai yi canjin mallaka ba. Har yau sunansa ne a rajista, don haka shi ake nema. In kai ne, ka nemo takardar cinikin da shaidun da suka sa hannu, ka yi takardar rantsuwa a kotu, ka miƙa wa kamfani da 'yan sanda.

In kamfanin ya yi biris da hujjojinka, ko ya biya duk da ka musanta, ka rubuta ƙorafi zuwa NAICOM, ka haɗa da kwafin duk abin da ka aika musu. In kuma sammaci ya zo daga kotu, kada ka ajiye shi don ka san kana da gaskiya, ana iya yanke hukunci a bayan idonka. Ka kai wa kamfanin inshorar kwafi nan take, ka nemi lauya, ka halarci zaman a ranar da aka sa.