Yadda Ma'aikacin Jinya Zai Zama Malamin Jami'a Mai Bincike Kan Ciwon Daji Da Cututtuka Masu Daɗewa

Hukumar Binciken Kansa ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an samu sababbin masu ciwon daji, wato kansa, kusan miliyan 20, kuma mutum miliyan 9.7 suka rasu sanadiyyarsa. Idan aka haɗa da ciwon zuciya, ciwon suga da cututtukan huhu masu daɗewa, cututtukan da ba a ɗaukarsu daga wani su ne ke haddasa kusan kashi uku cikin huɗu na mace-macen duniya. Irin waɗannan cututtuka ba a rabuwa da su da kwanciyar asibiti ɗaya. Marar lafiya yana zaune da su watanni ko shekaru, kuma abin da ya fi damunsa kullum shi ne gajiya, raɗaɗi, tashin zuciya, rashin barci da fargabar abin da gwaji na gaba zai nuna. Ma'aikacin jinya ne ya fi kowa ganin waɗannan abubuwa, shi ya sa jami'o'i suke buƙatar ma'aikatan jinyar da za su iya mayar da abin da suka gani ilimin da za a koyar kuma a yi aiki da shi.

Mai son wannan hanya zai fara da digirin farko a fannin jinya da lasisin aiki na ƙasar da yake. Daga nan sai ya nemi aiki a sashen masu kansa, ko na wankin ƙoda, ko asibitin masu ciwon suga, ya zauna har ya san aikin ciki da waje. Akwai masu tsallake wannan mataki su wuce karatu kai tsaye, kuma wasunsu suna yin nasara, amma a ganina sukan sha wahala wajen samo tambayar da ta cancanci shekarun da za su kashe a kanta. Tambaya mai kyau a ɗakin marasa lafiya ake tsintarta. A ɗauki misalin matar da ta zo karɓar zagaye na huɗu na maganin kansa da ake ƙarawa ta jijiya. Gwajin jininta ya yi kyau, ƙullutun kansar kuma yana raguwa, sai dai ma'aikaciyar jinya ta lura cewa matar ta daɗe tana kokawa da maɓallin rigarta, kuma da za ta sa hannu a takarda sai alƙalamin ya suɓuce mata. Da aka tambaye ta, sai ta ce yatsunta sun yi makonni suna mutuwa, amma ba ta faɗa ba don tana tsoron a dakatar mata da magani. Wasu magungunan kansa suna taɓa jijiyoyin hannu da ƙafa, wannan sananne ne. Abin bincike shi ne me ya sa marasa lafiya suke ɓoyewa, kuma wace irin tambaya ce za ta sa su faɗa tun da wuri. Yana da kyau mutum ya ajiye littafi yana rubuta irin waɗannan abubuwa, ba tare da sunan kowa ko abin da zai sa a gane shi ba.

Abu na gaba shi ne a matse abin da aka lura da shi har ya zama tambayar da za a iya amsawa. "Yaya za a inganta kula da masu kansa?" ba tambayar bincike ba ce, domin babu ranar da za a ce an amsa ta. Dole a fayyace su wane ne za a duba, me za a yi musu, da me za a kwatanta shi, kuma me za a auna a ƙarshe. Kafin a yi nisa, sai a duba ko wani ya riga ya amsa ta, ta hanyar rumbunan makaloli irin su PubMed, wanda kowa ke iya shiga kyauta, da CINAHL, wanda ya fi karkata ga aikin jinya, da kuma bitar bincike ta Cochrane. Wanda ya koyi lalube a waɗannan wurare tun yana aiki ya rage wa kansa rabin wahalar digiri na biyu.

Akwai ayyukan da ya kamata mai farawa ya karanta da kyau don ya ga girman abin da binciken jinya ke iya yi. A 2009 Marie Bakitas, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta wallafa tare da abokan aikinta sakamakon gwajin da suka yi da mutum 322 masu kansar da ta yi nisa a Amurka. Ƙwararrun ma'aikatan jinya ne suka riƙa tattaunawa da rabin marasa lafiyar ta waya kan yadda za su tafiyar da alamun ciwo da yanke shawara. Waɗanda aka yi wa haka sun fi sauran jin daɗin rayuwa da kwanciyar hankali, amma kwanakin da suka yi a asibiti ba su ragu ba, kuma masu binciken sun faɗi hakan ƙarara. A 2017 kuma aka fitar da sakamakon wani gwaji na asibitin Memorial Sloan Kettering da ke Amurka, inda mutum 766 suka shiga. Wasu daga cikinsu suna aika bayanin alamun ciwonsu ta kwamfuta, idan abu ya tsananta sai saƙo ya je wa ma'aikatan jinya su ɗauki mataki. Matsakaicin tsawon rayuwar wannan rukuni ya kai wata 31.2, na ɗaya rukunin kuwa wata 26. Ba a ƙara musu wani sabon magani ba; an dai ji kukansu da wuri ne. A ɓangaren cututtuka masu daɗewa, Kate Lorig ta Jami'ar Stanford, ita ma ma'aikaciyar jinya, ta tsara shirin mako shida da ke koya wa marasa lafiya kula da kansu, wanda waɗanda su ma suke fama da ciwo ke jagoranta, kuma an ɗauke shi a ƙasashe da dama.

Digiri na biyu shi ne wurin koyon hanyoyin bincike, na uku kuma shi ne ƙofar kujerar malamin jami'a mai cin gashin kansa a bincike. A nan akwai abin lura: a Amurka ana ba da digirin dakta iri biyu a fannin jinya, ɗaya na bincike, ɗaya na ƙwarewa a aiki, kuma wanda burinsa samar da sabon ilimi ne na farkon yake nema. Wajen zaɓen inda za a yi karatu, malamin da zai duba aikin ya fi sunan jami'ar muhimmanci. A karanta abin da ya wallafa a shekaru biyar na baya, a ga ko yana da hanyar shiga asibitin da ke da marasa lafiyar da ake son dubawa, sannan a tambayi ɗaliban da suka gama a hannunsa tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya dawo da babin da aka ba shi. Wasiƙar farko zuwa gare shi ta zama gajera, ta ƙunshi tambayar binciken da dalilin da ya sa aka zaɓe shi.

Ma'aikatan jinya da dama suna jin tsoron lissafin ƙididdiga, kuma ba shi da makawa, don haka gara a fuskance shi tun da wuri. Sai dai ƙidaya kaɗai ba ta isa ba a wannan fanni. Masu bincike Juliet Corbin da Anselm Strauss, a shekarun 1980, sun zauna ne suna sauraron masu doguwar jinya da mazansu ko matansu, suka nuna cewa mai ciwo yana ɗauke da aiki iri uku: na kula da ciwon, na hidimar yau da kullum, da na sake fahimtar ko shi wane ne bayan ciwon ya sauya masa rayuwa. Wanda ya iya zurfafa hira kuma ya iya karanta jadawalin alƙaluma ya fi samun abokan aiki. Wajen awo kuma, kada mutum ya ƙirƙiri takardar tambayoyinsa alhali akwai waɗanda aka gwada. Ma'aunin alamun ciwo na Edmonton, wanda ya fito a 1991, yana neman marar lafiya ya kimanta raɗaɗi, gajiya, tashin zuciya da sauransu daga 0 zuwa 10, kuma Ƙungiyar Binciken Kansa ta Turai tana da takarda mai tambayoyi 30 kan ingancin rayuwa. Idan za a yi amfani da su a wani harshe, sai an bi ƙa'idar fassara an kuma gwada su a kan masu jin harshen.

Babu binciken da za a fara sai kwamitin ɗa'a, mai kare haƙƙin waɗanda ake bincike a kansu, ya amince, bisa ƙa'idojin da suka samo tushe daga Sanarwar Helsinki ta 1964. Ga ma'aikacin jinya akwai wani tarko na musamman: marar lafiyar da ya saba da shi zai ji nauyin ce masa a'a, yana zaton ƙin shiga zai shafi kulawar da ake ba shi. Abin da ya fi shi ne wani dabam ya nemi amincewar, a kuma bayyana wa mutum cewa yana iya fita duk lokacin da ya so. Wata matsalar da sababbi ba sa hangowa ita ce raguwar mahalarta. A binciken masu kansar da ta yi nisa, waɗanda jikinsu ya fi tsanani su ne ke kasa cike takarda a wata na uku, wasu ma sun rasu, sai sakamako ya fito kamar kowa yana samun sauƙi alhali masu ƙarfi ne kawai suka rage. Tun wajen tsara aikin ya kamata a ƙara yawan waɗanda za a ɗauka, a taƙaita tambayoyi, a rubuta dalilin fitar kowa, a kuma zauna da masanin ƙididdiga kafin a tattara komai.

Wallafawa ana fara ta tun ana ɗalibi, ko da da bitar abin da wasu suka rubuta ne. A yi hattara da mujallun da ke aiko saƙo suna alkawarin bugawa cikin 'yan kwanaki idan an biya, domin irinsu suna ɓata sunan mai bincike. Shiga ƙungiyoyin fanni yana buɗe ƙofar taruka da ƙananan tallafi. Ta ma'aikatan jinyar kansa ta Amurka tana nan tun 1975, ta Turai kuma tun 1984. Ƙaramin tallafin da aka kammala aikinsa aka wallafa shi ne ke jawo babba.

Idan aka samu kujerar farko a jami'a, koyarwa da duba jarrabawa da zaman kwamitoci za su cinye mako gaba ɗaya in ba a tashi tsaye ba. Kafin a karɓi aikin, a nemi a rubuta a takarda yawan darussan da za a ɗauka da lokacin da aka ware wa bincike. A kuma yi ƙoƙarin riƙe rana ɗaya a mako a asibiti, domin magungunan kansa suna sauyawa da sauri, kuma illolin sababbin magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki sun sha bamban da waɗanda malamin ya saba gani lokacin da yake aiki a ɗakin marasa lafiya.