Yadda ɗalibin digiri na biyu zai yi lissafin shekararsa kafin sabon zango

Malamin makaranta da ke zaune a Ringim ko Gaya, yana bin mota zuwa Jami'ar Bayero ko Jami'ar Tarayya ta Dutse duk mako, in shekara ta ƙare gajiya ce kawai yake tunawa. Ita kuwa gajiya ba a saka mata maki. Ka ware yini guda bayan an kai amfanin gona gida, ka zauna da takardunka, ka ga ainihin inda aikin ya tsaya.

Fara da tattara shaida: rasit ɗin rajista, sakamakon kowane kwas, takardar amincewa da taken bincike, da duk babin da malamin da ke duba bincikenka ya bi da jan biro. Duba sakamakon ɗaya bayan ɗaya. A yawancin jami'o'inmu 50 ne makin cin kwas a wannan mataki, kuma sakamakon da ya ɓace ba ya fitowa fili sai ana shirin kare kundi, lokacin da gyara shi zai iya cin zango guda. Ɗauki hoton kowace takarda, ka sa na asali a leda, domin gara da yoyon ɗaki ba sa barin takarda.

Sai babi-babi. Kowanne ka rubuta matsayinsa a gabansa: an rubuta, an gyara, ko malami ya amince. Na ukun kaɗai za ka lissafa a matsayin gamamme. Da yawa kan ce sun gama babi uku, alhali gyaran watan Yuni yana nan cikin jaka ba a taɓa ba.

Inda aka fi yaudarar kai shi ne bayanan da aka tattaro daga jama'a, don haka nan za ka daɗe. Ƙirga takardun tambayoyi sau uku: nawa aka raba, nawa suka dawo, nawa za su yi amfani. Idan ka ɗauki adadin mutanen da za ka tambaya daga jadawalin Krejcie da Morgan na 1970, wanda masu bincike ke dubawa don sanin wannan adadi, jama'a mai yawa tana buƙatar mutum 384, kuma takardun da za su yi amfani ne za su cika wannan adadi, ba waɗanda aka raba ba. Baje su a tabarma ka duba rubutun. In ka ga ashirin a jere da hannu ɗaya, biro ɗaya, amsa ɗaya, to yaron da ka aika ya zauna gindin bishiya ne ya cike su da kansa. Cire su, komai zafin hakan. Duba kuma yawan mata. Idan sun yi kaɗan, yawanci dalilin shi ne maza ka tura, kuma namiji ba ya shiga gidan aure; sai ka nemi mace mai taimako, ka kuma fara gaida dagaci da mai unguwa kafin a koma. Hirar da ka naɗa a waya kuwa, awa ɗaya kan ci awa huɗu zuwa shida wajen rubutawa, ban da fassara zuwa Turanci. Lissafa awannin da suka rage, kada ka ce "saura kaɗan".

Kafin ka tashi, kwafe komai wuri uku: kwamfuta, filashi, da Google Drive, mai ba da gigabait 15 kyauta. Waya kan lalace ko ta ɓace a shagon caji. Manazarta kuma ka zuba su a Zotero, manhajar adana manazarta, tun yanzu, ka sake rubuta duk sakin layin da ka kwaso kai tsaye, don Turnitin, manhajar gano satar rubutu, zai kama shi.

Daga nan sai tsarin baɗi, kuma da kalandar ƙauye za ka yi shi. Daga Yuni zuwa Satumba manoma suna gona tun asuba, hanyoyin yankin Haɗejiya da Auyo kan yanke da ambaliya. Bayan kaka ne ake samun mutane, amma kada ka yi jinkiri har matasa su tafi ci-rani. Azumi yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, ka sa shi a lissafi. Bar sarari ga abin da ba ka da iko a kai. Yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya ci. Tambayi makarantar karatun gaba da digiri iyakar zangon da aka yarda ka yi, ka gwada da ranar da hutun karatunka zai ƙare a wurin aiki. Kuɗin rajista, na mota da na buga kundi, ka san tun yanzu buhu nawa ko dabba nawa za su biya.

Duk wannan ka taƙaita a shafi ɗaya, da ranar miƙa kowane babi. Kira malaminka ka nemi lokaci, ka kai masa da hannunka, ka ce, "Malam, ga inda na tsaya, ga abin da nake son gamawa kafin damina." Ranakun da ya canza, ka gyara su a gabansa.