Kafin ka ɗauki inshorar lafiya mai araha, duba jerin asibitocinta

Ina da shagon ɗinki a Aboabo, nan Kumasi, da yaran shago shida a hannuna. Bara na yi niyyar yi musu inshorar lafiya ta kamfani, ƙari a kan katin NHIS, inshorar lafiya ta gwamnatin Ghana. Wakili ya zo ya baje mini takardu biyu a kan teburin yanka. Kamfani ɗaya ne, amma kuɗin shekara na ɗayan ya yi wa ɗayan nisa. Na ce ina bambancin? Ya ce, "Alhaji, duba shafin ƙarshe." Jerin asibitoci ne: na mai tsada shafi uku, na mai araha ko rabin shafi bai cika ba.

Abin ciniki ne, irin wanda muka sani a kasuwar Kejetia. Mai sayen yadi dila guda ba ya biyan farashin mai sayen yadi biyu. Kamfani yakan je wa asibiti ya ce, duk mutanena wurinka za su zo, sai ka yi mini ragi. Asibitin ya yarda saboda yawan masu zuwa. Manyan asibitocin kuɗi da suka ƙi ragi sai a tsame su daga jerin. Abin da kamfanin ke kashewa ya ragu, kuɗin da kake biya ya sauka. Amma kai ma ka biya da wani abu: zaɓinka.

Mu mutanen yankin Ashanti ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A 2012 da mu aka fara gwada tsarin da kowa zai zaɓi asibiti ɗaya a ƙarƙashin NHIS, ana biyan asibitin bisa yawan waɗanda suka yi rajista da shi. Ƙorafi ya yi yawa, a 2017 aka dakatar.

To ga yadda nake yi yanzu. Ba na tambayar farashi sai na karɓi jerin a rubuce. In ɗauki biro in ja layi ƙarƙashin duk asibitin da zan iya kaiwa da ƙarfe biyun dare, lokacin da babu trotro, motar haya. Idan ba su kai biyu ba, na ajiye takardar. Wannan darasi da kuɗina na saya. Mai arahar na fara ɗauka, sai zazzaɓi ya kayar da wani yarona cikin dare, asibitin da ke kusa ya ce ba ya karɓar katin, muka biya ta MoMo, kuɗin waya. Wanda ke cikin jerin kuwa yana can ƙetaren gari. Araha ba ta ado, in ji mutanen da.

Bayan haka sai in kira asibitocin da kaina, ko in aika yaro, a tambayi mai karɓar kati: har yau kuna karɓar wannan? Jeri yakan tsufa, asibiti kan janye idan an daɗe ba a biya shi ba. A haɗa da kantin magani da wurin gwajin jini, don wani tsarin zai biya ganin likita amma ya tura ka nesa karɓar magani.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce ta babban ciwo. Idan ya kai a tura mutum babban asibitin Komfo Anokye ko wurin ƙwararren likita, wa zai biya, kuma sai da takardar turawa? Idan gaggawa ta kai ka asibitin da ba ya cikin jerin, za a mayar maka da kuɗinka, cikin kwana nawa? Kada ka yarda da "ba matsala" ta baki, a nuna maka layin da aka rubuta. Ka kuma tabbatar kamfanin yana da lasisin NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, don dokar 2012 ta ba ta ikon sa ido a kan inshorar lafiya ta kamfanoni.

Katin NHIS kuma ban bari ya mutu. Shi ne ke da faɗi, asibitocin gwamnati da na mishan da yawa suna karɓarsa, daga asibitin Manhyia nan Kumasi har ƙauyen da yaro zai je ganin iyayensa. Duk shekara, mako biyu kafin wa'adi, nakan tara wayoyin yaran a kan teburin nan mu danna *929# ɗaya bayan ɗaya mu sabunta katunan.