Makin da ke wayarka ba shi banki yake gani ba

Duk wanda ya ɗan daɗe a Amurka, ya gaji da zuba kuɗin haya, ya fara tunanin mallakar gida, akwai abin mamaki da ke jiransa a ofishin masu ba da bashin gida. Manhajar wayarsa ta ce makin kiredit ɗinsa, wato lambar da ke nuna yadda yake biyan bashi, 720 ne, a ce. Ma'aikaci ya duba kwamfuta ya ce masa 680. Sai ran mutum ya ɓaci, ya ɗauka an raina shi don baƙo ne. Ba raini ba ne, ɗan'uwa, kuma gara ka san dalilin tun kafin ka shiga wannan ofis.

Kamfanoni uku ne ke ajiye tarihin bashin mutane a ƙasar: Equifax, Experian da TransUnion. Ba hukumomin gwamnati ba ne, 'yan kasuwa ne, kowa da nasa kundin. Babu dokar da ta tilasta wa wanda ya ba ka bashi ya kai labarinka ga duka ukun. Katin bashin da ka karɓa a wani ƙaramin banki yana iya fitowa a kundi ɗaya ko biyu kawai. Ranar kai rahoto ma ta bambanta: ka biya katinka jiya, wani kundin ya nuna, wani yana nan da tsohon lissafi.

Sai kuma ma'aunin kansa. Hatsi ɗaya ne, amma mudu ya bambanta. Manhajar Credit Karma, wadda yawancinmu muke dubawa kyauta, tana nuna makin wani ma'auni ne mai suna VantageScore. Masu ba da bashin gida kuwa mafi yawansu da wani ma'aunin daban mai suna FICO suke aiki, kuma tsofaffin nau'o'insa: FICO 2 daga Experian, FICO 4 daga TransUnion, FICO 5 daga Equifax. Duka suna tsakanin 300 da 850, shi ya sa mutum yake zaton abu ɗaya ne. Idan sun jawo ukun, na tsakiya suke ɗauka. Mai 702 da 688 da 655, makinsa a wurinsu 688 ne. In miji da mata suka nema tare, galibi ƙaramin cikin na tsakiyan biyu ne ke yanke farashin bashin. Don haka maigida kada ya gina nasa kiredit ya bar uwargida ba ko kati ɗaya da sunanta.

Abin da ya fi damuna, wanda kuma ya fi cin mutanenmu, shi ne suna. A gida ba mu saba da sunan dangi tsayayye ba. Fasfo ya ce Muhammad Sani Abubakar, katin Social Security ya ce Mohammed Abubakar, lasisin tuƙi ya ce Sani Muhammad, mutum kuma duk lokacin da zai cike takarda sai ya rubuta wanda ya zo masa a rai. A unguwa kamar Bronx da ke New York, inda bene ɗaya zai iya ɗaukar masu suna Ibrahim Musa biyu ko uku, kwamfutar ɗaya daga cikin kamfanonin nan tana iya haɗa kundinka da na wani. Ka wayi gari bashin motar da ba ka taɓa gani ba yana kanka, a kundi ɗaya tak, sauran biyun kuma fes. Ko kuma tarihinka ya rabu biyu, shekarun da ka yi kana biya kan lokaci su tafi ƙarƙashin wani rubutun sunan. Zaɓi rubutun da ke katin Social Security ka riƙe shi, harafi da harafi, a kowace takarda.

Tun saura wata shida ka nemi gida, shiga AnnualCreditReport.com, shafin da doka ta tanada, ka sauke rahoton ukun kyauta. Ka ajiye su gefe da gefe, ka bi layi-layi: adireshi, ranar haihuwa, kowane kati. In ka ga kuskure, ka kai ƙorafi a rubuce ga kamfanin da ya yi shi, ka ajiye kwafi. Dokar 1970 da ta shafi rahoton bashi ta ba su kwana 30 su bincika. Gyara a ɗaya ba ya nufin an gyara a sauran.

Adashe ba ya shiga lissafin nan, haka ma kuɗin da kake aika wa iyaye a gida, komai yawansa. Haya ma sai in mai gidan yana kai rahoto. Abin da FICO ya fi kallo shi ne biya kan lokaci, kashi 35 cikin 100, sai yawan abin da ake bin ka, kashi 30. Masu gudun kuɗin ruwa su sani cewa kamfanonin da ke sayar da gida bisa tsarin Musulunci, irin su Guidance Residential da UIF, su ma suna duba kiredit. Ana iya riƙe kati a biya shi duka kafin wa'adi ba tare da ruwa ya hau ba, amma wannan magana ce da ya kamata mutum ya tattauna da malaminsa.

Da ka fara neman bashin, kada ka buɗe sabon kati, kada ka ɗauki mota bashi, kada ka rufe tsohon kati. In za ka zagaya masu ba da bashi don kwatanta farashi, yi shi cikin kwana 14, domin a lissafa binciken da suke yi wa kiredit ɗinka a matsayin guda ɗaya. Kuma ka roƙi ma'aikacin ya nuna maka makin nan uku a takarda kafin ka sa hannu a komai.